Darasi a Aji, Darasi a WhatsApp: Yadda Malaman Firamare Ke Fama da Gaurayen Karatu

Idan kana da ƙani ko ƙanwa a firamare, musamman a makarantar kuɗi ta unguwa, da wuya a ce ba a taɓa katse maka kallon TikTok da "Yaya, ara min wayarka, Malama ta turo aiki" ba. Ka miƙa wayar kana tsaki. Yaro ya buɗe guruf ɗin ajinsu, ya saurari saƙon murya na minti 3, ya kwafi tambayoyi daga hoton allo, ya dawo maka da ita caji ya ragu. A wajenka magana ta ƙare. A wajen wadda ta turo saƙon kuwa, minti 3 ɗin nan ƙarshen wani dogon aiki ne da ba a koya mata a kwalejin horar da malamai ba, kuma babu wanda ya saka mata kuɗinsa a albashi.

Yau wancan ɓangaren za mu leƙa, wato ɓangaren malami.

Mene ne gaurayen karatu?

Gaurayen karatu shi ne tsarin da ake raba koyarwa gida biyu. Wani sashe a cikin aji, malami da ɗalibi ido da ido. Wani sashen kuma ta hanyar na'ura, waya ce ko kwamfuta ko tabulet, inda yaro zai iya tsayar da darasi, ya koma baya, ya sake saurara a lokacin da ya samu dama. Ya bambanta da karatun intanet zalla, wanda babu aji a cikinsa sam. Haka kuma ya bambanta da a shigo da majigi cikin aji a haska wa yara bidiyo. Sharaɗinsa shi ne sassan biyu su riƙe juna: abin da aka ji a waya daren jiya shi za a ɗora a kai yau da safe, abin da ya gagara a aji kuma shi za a sake turawa.

A littattafan koyar da malamai za ka ga an kawo salo iri-iri. Akwai wanda ake juya aji, yaro ya fara jin bayani a gida, ya zo makaranta a yi atisaye tare. Akwai wanda ake kasa yara rukuni-rukuni a cikin aji ɗaya, wasu na kan na'ura, wasu na tare da malami, wasu na rubutu, bayan minti 15 ko 20 a yi musanya. Duk waɗannan an tsara su ne da tunanin makarantar da ke da wuta, da intanet, da yara 25 a aji. Malamin firamaren gwamnati a Kano ko Gusau, wanda kan tarar da yara sun haura 80 a gabansa, wasu a zaune a ƙasa, dole ya yi wa tsarin kwaskwarima kafin ya shiga ajinsa.

Ilimin matakin farko a Najeriya shekara 9 ne, 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, kamar yadda dokar UBE ta 2004 ta tanada. Ke nan muna magana ne a kan yara daga ɗan shekara 6 zuwa wajen 15. Riƙe wannan a ranka, domin shekarun nan su ne tushen rabin matsalolin da za mu ambata.

Korona ce ta tura kowa cikin ruwan

Kafin 2020, malamin firamare da ke amfani da waya wajen koyarwa sha'awarsa ce kawai. A ƙarshen watan Maris na shekarar aka rufe makarantu a faɗin ƙasar saboda annobar korona, kuma mafi yawansu ba su koma ba sai wajen Oktoba. Wata 6 ke nan da ɗoriya yara na gida.

Jihohi irin su Kano da Kaduna suka koma ga rediyo da talabijin, aka riƙa ɗauko malamai suna gabatar da darussa a gidajen watsa labarai. Manyan makarantun kuɗi suka rungumi Zoom da Google Classroom. Ƙananan makarantun unguwa, waɗanda albashin malamansu ya dogara da kuɗin makarantar da iyaye ke biya, suka buɗe guruf a WhatsApp don kada zumunci da iyaye ya yanke, ɗalibai su watse.

Nan aka fara gane wanda zai ɗore. Zoom na kyauta yana katse taro bayan minti 40, yana zuƙe data, kuma yana buƙatar kowa ya hau a lokaci guda da sabis mai ƙarfi. Rediyo na isa ƙauye, amma yaro ba ya iya ɗaga hannu ya ce bai gane ba, malami kuma ba ya sanin ko akwai mai sauraro. WhatsApp ne ya tsaya a tsakiya. Da aka koma makaranta, an daina Zoom, darussan rediyo sun ragu, amma guruf-guruf ɗin nan ba a rufe su ba. Gaurayen karatun da ake yi a yawancin unguwanninmu yau daga nan ya samo asali. Ba wata hukuma ce ta zauna ta tsara shi ba, ragowar dabarun da aka yi ne a lokacin da ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Wayar ba ta yaron ba ce

Wannan shi ne darasi na farko da kowane malami ya koya, kuma da wahala ya koye shi. Ɗan aji 3 ba shi da waya. Ko a ƙa'idar WhatsApp ɗin kanta, sai mutum ya kai shekara 13 zai buɗe asusu. Saboda haka guruf ɗin da ake kira na 'yan aji 3, a zahiri na iyayensu ne da yayyensu.

Wayar uba takan fita kasuwa ko wurin aiki tun safe, ba ta dawowa sai bayan isha'i. Ta uwa sau da yawa ƙarama ce mai madannai, wadda ba ta hawa WhatsApp. Ta yaya kuma tana da nata uzurin. A ɗaya gefen, shi ma yaron ba zaune yake ba: ya taso daga boko, ya ci abinci, ya wuce Islamiyya, wani ma da makarantar allo bayan magariba. Idan ka haɗa lissafin, tagar da waya da yaro za su haɗu a gida ɗaya, dukkansu da caji, ba ta wuce awa guda ko biyu da dare.

Malamin da ya fahimci haka yakan sauya abubuwa uku. Ya daina cewa "a turo amsa kafin ƙarfe 6", ya koma "a zo da amsa a littafi gobe". Ya daina dogon rubutu da Turanci, tunda mai buɗe saƙon ƙila bai yi boko mai zurfi ba, ya koma magana da Hausa. Sannan ya rage tsawon saƙo, don ya san mai wayar na tsaye a kan yaron yana jira.

Akwai kuma gidajen da babu babbar waya ko ɗaya. A nan ne adalcin malami ke fitowa. Idan ya gina darasin gobe kacokan a kan abin da ya tura daren jiya, ya raba ajinsa biyu ke nan, 'ya'yan masu waya a gaba, sauran a baya. Malamai masu lura sukan ɗauki minti 5 na farkon darasi su kunna saƙon nan a aji kowa ya ji, ko su haɗa yaran layi ɗaya su saurara a gidan da ke da waya. Ba ya magance matsalar duka, amma yana rage ratar.

Me ya sa saƙon murya ya doke bidiyo?

Amsar lissafi ce. Saƙon murya na minti 5 a WhatsApp da kyar yake kaiwa MB 1, saboda manhajar na matse sauti sosai. Bidiyo mai tsawon haka zai ci gomman MB ko da an rage masa kyau. Awa guda a Zoom da kyamara a kunne kuwa na iya lashe daga rabin GB zuwa sama da GB 1. Ka tuna, ba malami kaɗai ke biya ba. Shi zai biya na ɗorawa sau ɗaya, sannan kowane gida ya biya na saukewa.

A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara farashin kira da data da har kashi 50 cikin 100. Mafi ƙarancin albashi a dokar 2024 naira 70,000 ne, kuma ba kowane malamin firamare ne ya gan shi a asusunsa a kan lokaci ba. A Abuja ma, malaman firamaren gwamnati sun shafe sama da wata 3 suna yajin aiki a 2025 a kan wannan batu. Malaman ƙananan makarantun kuɗi kuwa, da yawansu abin da suke ɗauka bai kama ƙafar wannan adadi ba. Mutumin da ke cikin wannan hali ne ake cewa ya riƙa ɗora bidiyo kullum daga aljihunsa.

Amma ba arha ce kaɗai ta ba murya nasara ba. Saƙon murya na tafiya ko da sandar sabis ɗaya ce. Uwar da ba ta karatu na iya saurara tare da ɗanta, har ta san abin da ake koya masa. Kuma ga yaron da ke koyon haɗa baƙi, jin yadda ake furta sauti ya fi masa ganin rubutu amfani. Shirye-shiryen koyon karatu da Hausa irin su Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara, duk sun ba sautin haruffa da haɗa gaɓoɓi muhimmanci. Irin wannan darasi kamar don saƙon murya aka yi shi: malama ta furta, ta yi shiru na daƙiƙa 3 yaro ya maimaita, ta ci gaba.

Inda murya ke gazawa shi ne lissafi. Ba ka iya bayyana raba dogon lamba da baki kawai. Abin da malamai suka gano shi ne haɗa hoto ɗaya da murya ɗaya: a rubuta matakan a farar takarda da baƙin alƙalami, a sa wa kowane layi lamba, a ɗauki hoto a wuri mai haske, sannan a yi bayani ana cewa "duba layi na 2". Hoton allo da aka ɗauka daga ƙarshen aji, da hasken taga na dukansa, ba ya karantuwa a ƙaramin sikirin. Wannan ƙaramin abu ne, amma ya ɓata darussa masu yawa.

Ba latsa wayar ne mai wuya ba

Mu matasa muna yawan yi wa dattawan malamai dariya, wai ba su iya waya ba. Gaskiya akwai wanda sai an nuna masa yadda ake tura fayil. Amma wannan matsalar mako guda ce, kuma galibi 'ya'yansu ne ke warware musu ita a gida. Ba nan gizo ke saƙar ba.

Abin da ke ɗaukar watanni shi ne koyon yanka darasi. Malamin da ya shekara 20 yana koyarwa ya saba karanta fuskokin yara. Yana cikin bayani ya ga ido ya yi fari-fari, sai ya tsaya ya sake kawo misali. A gaban waya babu fuska. Dole ya hango tun kafin ya fara inda yaro zai rikice, ya toshe wurin. Dole ya zaɓi abu guda ɗaya tak da saƙon zai koyar. Malamai da yawa a karon farko sukan ɗauki darasin minti 35 ɗin da suka saba, su karanta shi gaba ɗaya cikin waya. Babu yaron da ke kaiwa ƙarshe.

A ce malama ce za ta koyar da 'yan aji 4 rabi da kwata. Tambayar da ke gabanta ita ce: me zai tafi waya, me zai tsaya a aji? Ma'anar kalmomin da misali ɗaya, a ce lemo da aka raba biyu sannan aka raba huɗu, wannan zai iya tafiya waya, har ta ce kowa ya gwada da takarda a gida. Amma gano yaron da ke zaton kwata ya fi rabi girma saboda 4 ta fi 2, wannan sai a aji, sai ta zaga ta duba littafi. Idan ta juya tsarin, ta ɓata lokacin aji wajen maimaita abin da waya za ta iya, ta tura mai wuyar gida inda babu mai taimako, to ta ƙara wa kanta aiki ba tare da ta ƙara wa yara komai ba.

Horon da ake ba malamai sau da yawa yakan tsallake wannan. A tara su kwana 2 ko 3, a nuna musu yadda ake buɗe asusu da shiga manhaja, a ɗauki hoto, a watse. A ganina da an rage lokacin koyar da latsa maɓalli, an ba kowane malami aikin yanka darasinsa na mako mai zuwa gida biyu, abokan aikinsa su saurara su yi masa gyara, da an fi cin riba. Wani abin sha'awa, koyo daga nesa ba baƙo ba ne ga malaman Najeriya. Cibiyar NTI da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, ta daɗe tana horar da malamai da littattafan karatun gida haɗe da haɗuwar ƙarshen mako. Dubban malaman firamare ta wannan hanya suka samu NCE. Sun san gauraye a matsayin ɗalibai, yanzu ne suke koyonsa a matsayin masu koyarwa.

Idan gwamnati ce ta kawo na'urar

Akwai wani salon dabam, wanda na'urar ke hannun malami maimakon yaro. Jihar Edo ta fara shi a 2018 da shirin EdoBEST, Legas ta biyo da EKOEXCEL, Kwara da KwaraLEARN. Ana ba kowane malami tabulet da ke ɗauke da darasin ranar a rubuce dalla-dalla: abin da zai faɗa, abin da zai rubuta a allo, lokacin da zai yi tambaya. Na'urar na kuma adana bayanin lokacin da malami ya iso da inda ya tsaya a darasi, a tura wa hukuma.

Malamai sun rabu a kansa. Ga sabon malami, ko wanda aka ba darasin da ba fanninsa ba, wannan sauƙi ne babba, ya huta da rubuta shirin darasi da hannu kowane dare. Ga gogaggen malami kuwa, abin na iya zama kamar an ɗaure masa hannu. Ya ga rabin aji ba su gane ba, amma rubutun ya ce a wuce, kuma ya san ana ƙirga darussan da ya kammala. Masu suka na cewa an mayar da malami mai karanta takarda. Masu goyon baya na cewa a inda malami ba ya zuwa aji ma sam, samun wanda ya zo kuma ya bi tsari ci gaba ne. Duka biyun suna da gaskiyarsu, ya danganta da makarantar da ka tsaya kana kallo.

Lokacin korona, shirin na Edo ma WhatsApp ya koma, ana tura wa iyaye darussan sauti da 'yan tambayoyin gwaji. Wato har mai tabulet, da rana ta ɓaci, wayar gida ya nema.

Rumbunan darasi na kyauta, da masu aiki ba intanet

Ba dole ne malami ya ƙirƙiri komai da kansa ba. A watan Maris na 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, tare da UNICEF da Microsoft, ta ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, rumbun darussa da aka tsara bisa manhajar karatun ƙasa, da Turanci da Hausa da Yarbanci da Ibo. Ana shiga ta burauza ko ta manhajar Android, kuma rajista kyauta ce. Akwai kuma Kolibri, wadda ƙungiyar Learning Equality ta ƙera musamman don wuraren da babu intanet. Ana sauke darussa sau ɗaya a kan kwamfuta guda, sauran na'urori su haɗu da ita ta Wi-Fi na cikin gida, ba tare da an taɓa data ba.

Matsalar da malamai ke cin karo da ita a nan ba rashin kaya ba ne, yawansu ne. Kafin ka samo bidiyon da ya dace da abin da za ka koyar ranar Talata, wanda harshensa bai fi ƙarfin yaranka ba, ka kalli biyar ka watsar. Wannan lokaci ne da data. Shi ya sa a makarantun da abin ya zauna, za ka tarar malaman aji ɗaya sun raba aikin, wannan ya nemo na lissafi, waccan ta nemo na kimiyya, su tura wa juna.

Hanyar turawar ma ba sabuwa ba ce a wurinmu. Ƙasar da ta saba karɓar finafinan Kannywood da fassarar Indiya a mimori daga shagon masu turi ba ta buƙatar a koya mata Xender da Bluetooth. Darasin sauti da aka adana a matsayin MP3 zai yi aiki a ƙaramar wayar uwa mai madannai, muddin tana da gurbin mimori. Malamin da ya tara darussan zango guda a fayil ɗaya, ya ce duk mai so ya kawo mimori ranar Juma'a, ya isa gidajen da guruf ɗin WhatsApp bai taɓa isa ba.

Wanda ke ganin wannan tsohon yayi ne, ya tuna watan Satumban 2021 a Zamfara. An rufe makarantu bayan sace ɗalibai a ƙaramar hukumar Maradun, kwanaki kaɗan bayan haka kuma aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar saboda aikin soji, daga baya katsewar ta shafi wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Babu aji, babu sabis, makonni suna tafiya. Duk tsarin da ya dogara da intanet ya mutu murus a wannan lokaci. Abin da ke cikin mimori da abin da ke zuwa ta rediyo ne kawai za su iya kaiwa ga yaro.

Lambar Malama ta zama ta kowa

Akwai wani farashi da ba a cika magana a kai ba. Ranar da malama ta buɗe guruf da layinta, iyaye da yayye 60 ko 70 sun samu lambarta, sun ga hotonta, suna ganin abin da take ɗorawa a sitatus. Kira na shigowa ƙarfe 10 na dare a kan aikin gida. Wani ya turo gaisuwar da ba ta da alaƙa da karatu. Ga matar aure wannan na iya zama fitina a cikin gida, ga budurwa kuma ya zama hanyar damu. Akwai malamai mata da suka janye daga harkar gaba ɗaya saboda wannan, a ɗauka ko ƙyuya ce.

Maganin na cikin saitin manhajar, sai dai ba kowa aka nuna wa ba. Ana iya kulle guruf ya zama masu kula da shi kaɗai ke tura saƙo, a buɗe shi na awa guda don tambayoyi. Ana iya ɓoye hoton fuska da sitatus ga duk wanda ba a adana lambarsa ba. Mafi kyau, makaranta ta sayi layi na aiki, a ɗora WhatsApp Business a kansa, layin malama ya zauna nata. Kulle guruf na kuma hana shi cika da saƙonnin barka da Juma'a da tallan atamfa, waɗanda kan binne darasin har a rasa inda yake.

Yaran ma suna da nasu haƙƙin. Ɗora hoton takardar sakamako da sunayen yara da makinsu a guruf, kowa ya ga wanda ya zo na ƙarshe, tozarci ne da ba ya gogewa, domin wani ya riga ya adana. Dokar kare bayanan sirri ta 2023 ta buƙaci izinin iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro. Sakamako na mutum ɗaya ne, a tura wa gidansu kai tsaye.

Wa ya yi aikin gidan?

Tun da Meta AI ya shigo cikin WhatsApp a Najeriya a 2024, amsar kowace tambaya na nan a cikin manhajar da aka turo tambayar. Ko kafin haka ma, yayye na yi wa ƙanne aiki don a sakar musu waya da wuri. Malami ya karɓi littattafai 50 duk amsa daidai, ya kira yaro gaban allo, yaro ya tsaya yana kallon silin.

Shi ya sa malamai da dama suka daina ba aikin waya maki mai yawa. Sun mayar da shi share fage, gwajin gaskiya kuma a aji, tambaya 2 ko 3 a farkon darasi, kowa da fensirinsa. Wasu kuma sun juya abin, maimakon rubutu sai su ce yaro ya turo muryarsa yana karanta sakin layi ɗaya. Wannan babu mai yi masa. Sai dai sauraron murya 50 aiki ne, don haka sukan karkasa, yau layi ɗaya, gobe wani.

Su ma malaman suna amfani da irin waɗannan manhajoji wajen tsara darasi da fitar da tambayoyi, kuma suna rage musu wahala. Amma Hausarsu na yawan karkacewa, su kawo kalmar da babu mai faɗinta, ko misalin da yaron Dawanau bai taɓa gani ba. Sai an bi an tace.

Inda kai mai wayar ka shigo

A wannan tsari, kai ne mahaɗin da ke tsakanin malama da ƙaninka, ko ka sani ko ba ka sani ba. Abubuwan da za su sauƙaƙa maka ba su da yawa. Ka shiga saitin WhatsApp, wajen ajiya da data, ka bar sauti da hotuna su riƙa sauka da kansu, ka hana bidiyo, ta yadda darasin zai riga ya sauka kafin dare lokacin da sabis ke cunkushewa. Ka maƙala guruf ɗin ajin a saman jerin hirarrakinka don kada ya nutse. Idan kana tsoron yaro ya yi maka yawo a waya, Android na da tsarin kafe manhaja ɗaya a sikirin, yana cikin saitin tsaro, ba ya fita sai da lambar sirrinka. Idan kuma a gidan akwai ƙaramar waya mai mimori, ka tura sautin can, ka karɓi taka.

Idan malamar na rubuta Hausa babu ƙugiya, har "ƙasa" da "kasa" suna rikita yaro mai koyon karatu, ka nuna mata yadda ake ƙara Hausa a Gboard, ɓ da ɗ da ƙ duk suna ciki. In ya kawo maka tambayar da ta gagare shi kuma, kada ka karɓi fensirin. Ka mayar da saƙon baya ku sake saurara tare, in har yanzu bai gane ba, ka danna makirufo ka bar shi ya faɗa wa malamar da bakinsa daidai inda ya tsaya.